Ƙofar Komawa Gida: Abin da Ya Hana Diablo Tsufa

A wani ɗan shagon kwamfuta da ke kasuwar Suki na fara ganin Diablo. A lokacin wasan ya kwana biyu a duniya, domin tun wajen farkon 1997 kamfanin Blizzard ya fitar da shi, amma a wurinmu, mu yaran bakin kogin Nilu, sabo ne dal.

Labarinsa ba shi da yawa. Wani ƙauye ne mai suna Tristram, a gefensa akwai tsohuwar majami'a, a ƙarƙashinta kuma hawa 16 na kurkuku da koguna, kowane ya fi na samansa haɗari. Za ka zaɓi ɗaya cikin jarumai uku, mai takobi ko mai baka ko matsafi, ka yi ta gangarawa har ka iske Diablo a can ƙarshe. Duk sanda ka soma sabon wasa, kwamfuta za ta sake zana lungunan, saboda haka haddar hanya ba ta da amfani.

Mutane da dama na cewa ganima ce sirrin wasan: ka kashe dodo, wani abu ya faɗo, ka ɗauka da fatan ya fi na hannunka. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma a nan ne aibinsa yake. Wannan fata ɗan uwan caca ne, ga shi yawancin faɗan bai wuce danna linzami babu ƙaƙƙautawa ba. Na sha tashi da yatsa yana ciwo, kuɗin awa biyu ya tafi, ban samu komai ba sai wani tsohon kwalkwali.

Amma ni abin da ya riƙe ni daban ne. A cikin wasan akwai wata takarda wadda idan ka karanta, sai ƙofa shuɗiya ta buɗe ta mayar da kai Tristram. Daga ihun dodanni sai ka ji jitar Matt Uelmen a hankali. Ga Griswold maƙeri a ƙofar maƙerarsa, ga Pepin mai magani, ga tsoho Cain a tsakiyar gari zai faɗa maka asirin abin da ka tsinto. Babu wanda ya gusa daga inda ka bar shi. Wannan natsuwa ce ke sa duhun ƙasa ya zama abin tsoro, duhun kuma shi ke sa ƙauyen ya yi daraja.

Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa, wasu da niyyar aikin hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, suka zauna a nan Sudan, kuma yawancinsu ba su sake ganin garuruwansu ba. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koya wa jikokinsu wannan darasi da kansu, domin mu ma mun ɗaure kaya mun bar gida.

Kwanan baya na sake kunna wasan a tsohuwar kwamfutar wani abokina a Gadarif. Hotunan sun tsufa, tafiyar jarumin ma kamar ta mai ciwon ƙafa. Amma da ƙofar nan ta buɗe, jitar ta tashi, sai na saki linzami na yi shiru. Na daɗe a gefen Cain kafin na yarda na sake gangarawa.