Turmin farko da sikeli ake yin sa

Duk mai kallon damben boksin a talabijin ya taɓa ganin wannan abin mamaki. Mai sanarwa zai ce 'yan damben nan biyu nauyinsu ɗaya, kowanne kilo 66 da 'yan kai, an kuma auna su a gaban shaidu. Amma da sun tsaya gaba da gaba sai ka ga ɗaya ya rufe ɗaya: kafaɗarsa ta fi faɗi, ƙirjinsa ya fi cika, hannunsa ya fi tsawo. Mai sanarwa bai yi ƙarya ba, sikeli ma bai yi ba. Jiya aka yi awon, yau ake damben, kuma a cikin sa'o'i ashirin da huɗu zuwa talatin da ke tsakani akwai wata gwaninta da 'yan kallo ba sa gani, wadda sau da yawa ita ke raba gardama tun kafin a kai naushin farko.

Mu a ƙasar Hausa ba mu gaji sikeli a dambe ba. Matashin Kura ko Bunkure da ya tashi yana kallon damben kaka a ƙauye, ko yake hawa mota zuwa gidan dambe na Ado Bayero Square a Kano, ya san cewa ido ne ma'auni. Ɗan dambe zai ɗaure zarensa, kalangu na tashi, ya zaga fili ya miƙa wa wanda yake so hannu. In an ga sa'ansa ne a bar su, in an ga ya fi ƙarfinsa ubangidansa ya janye shi. Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kware, waɗanda Ɗan Anace ya wasa, ba a san su da kilo ba, da kisa aka san su. To amma zamani ya zo da nasa. Dambe ya shiga gasar wasanni ta ƙasa, kamfanoni irin su Dambe Warriors da African Warriors Fighting Championship suna shirya gasa, kuma raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyi ya shigo. Duk inda sikeli ya shiga, dabarar sikeli na biye da shi, shi ya sa ya kamata mu san ta daga wurin waɗanda suka daɗe a cikinta.

A damben boksin na ƙwararru, an saba da aji goma sha bakwai na maza. Turawa da laba suke lissafi: akwai ajin laba 126, wato kilo 57, wanda Hogan Bassey na Kalaba ya ci kambunsa na duniya a Paris a 1957, akwai na laba 135, da na 147, da na 160, wato kusan kilo 72 da rabi, haka dai har zuwa 200, daga nan sai ajin manya wanda ba shi da iyaka, inda su Anthony Joshua suke. Dokar guda ce: kada ka wuce iyakar ajinka a lokacin da ka hau sikeli. Ba a ce dole ka zauna a kan nauyin ba. Wannan 'yar kafa ita ce tushen komai. Mutumin da nauyinsa na yau da kullum kilo 75 ne, in zai iya zama kilo 66 da rabi na minti guda ranar Juma'a da rana, to ranar Asabar da dare yana da izinin dambe da mutumin da kilo 68 ne asalinsa.

Manomin shinkafa ba ya bukatar dogon bayani a nan. Masu injinan casa a Kura da ke sayen shanshera da kilo sun san buhun da bai gama bushewa ba ya fi nauyi, shi ya sa suke duba danshi kafin su yi ciniki. A shanya shi kwana biyu a sake ɗorawa, ƙwayar tana nan yadda take amma nauyi ya ragu, don ruwa ne ya tafi. Ɗan boksin kansa yake shanyawa a auna shi a bushe, sa'an nan ya mayar da ruwan ya shiga fili da cikakken nauyinsa. Kusan kashi 60 cikin ɗari na jikin namiji baligi ruwa ne, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif.

Faɗarsa da sauƙi. Yin sa ba tare da mutum ya karya kansa ba shi ne aikin, kuma a nan ne nake jinjina wa gwanayen abin. Aiki biyu ne daban, wanda ya haɗa su ya ɓata. Na farko na makonni ne, takwas zuwa goma kafin ranar: a rage kitse a hankali, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, da awon abinci da gudun asuba, a kuma ci nama da ƙwai da kifi isassu don kada tsoka ta zube tare da kitsen. Wannan nauyin in ya tafi ba a so ya dawo. Na biyu kuwa na makon ƙarshe ne, kuma shi aro ne, duk abin da aka cire za a mayar.

A makon nan ɗan dambe yana da taska uku da zai ɗiba. Ta farko ita ce sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, wanda likitoci ke kira gilaikojin. Kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da ruwa kusan giram uku, saboda haka in mutum ya rage shinkafa da tuwo da burodi na 'yan kwanaki yana ci gaba da atisaye, ajiyar za ta ƙare ta tafi da ruwanta, kilo ɗaya zuwa biyu ke nan. Ta biyu abin da ke cikin hanji ne: a ajiye wake da ganye da duk abinci mai dusa kwana biyu ko uku, ciki ya yi sauƙi. Ta uku ita ce ruwa da gishiri. A rage gishiri, domin shi ke riƙe ruwa a jiki. Wasu kuma sukan yi wata dabara: su yi kwanaki suna shan ruwa mai yawan gaske har jiki ya saba da fitar da shi, sai kwana ɗaya kafin awo su tsuke shan, jiki kuwa bai ankara ba yana ci gaba da fitarwa. Abin da ya yi saura, kilo ɗaya ko biyu, gumi ne ke ɗauke shi a daren ƙarshe, da wankan ruwan zafi ko ɗakin turiri ko rigar leda. Gwani shi ne wanda ya iso wannan dare da ɗan abin da ya rage kaɗan. Wanda ya iso shi da kilo biyar a wuyansa, tun makonnin baya ya faɗi.

Ana sauka daga sikeli sai rabi na biyu ya fara, kuma ni a ganina ya fi na farko wuya, domin yaƙi ne da ƙishirwa da kwaɗayi a lokaci guda. Duk wanda ya yi azumin bazara yana aikin gona ya san abin da ke faruwa ga wanda ya ɗaga jarka ya kwankwaɗa da an kira magariba. Ciki ba ya wuce da abin da ya kai lita ɗaya a sa'a, kuma ruwa zalla in ya yi yawa fitsari zai zama. Don haka kurɓa ake yi, kuma ruwan mai gishiri da sukari ne, ɗan'uwan wanda ake haɗa wa yaro mai gudawa. Sai a bi da abinci mai sitaci marar maiƙo, kaɗan-kaɗan, kowace sa'a biyu ko uku, don a sake cika ajiyar tsoka. Mai koyarwa yana lura da launin fitsari, yana ɗora ɗan damben a sikeli jifa-jifa, yana tilasta masa barci. In komai ya tafi daidai, mutumin da jiya idonsa ya faɗa, kumatunsa suka lotsa, yau zai fito jiki a murɗe kamar ba shi ba.

Me wannan kilo shida ko takwas da ya mayar ke saya masa? Nauyin naushi, domin jiki ne ke bin hannu. Ƙarfin riƙo, domin in an rungumi juna shi ne zai jingina a kan ɗan'uwansa, turmi bayan turmi, har ƙafafun wancan su mutu. Sa'an nan tsawo da dogon hannu, waɗanda ba sa raguwa ko an rage ruwa: mutum mai babban ƙashi ya sauko cikin ƙanana yana taɓa su daga inda ba za su taɓa shi ba. Darajar wannan, Dick Tiger namu ya ɗanɗana ta. Ya riƙe kambun laba 160, ya kare shi a filin Liberty na Ibadan a 1963, sa'an nan ya hau ajin laba 175 ya ci kambunsa a 1966. A 1968 ya gamu da Bob Foster, dogo wanda ya ba shi tazarar inci bakwai, Foster ya kwantar da shi a turmi na huɗu.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na 26 ga Fabrairun 2000 a New York. Arturo Gatti da Joey Gamache sun yi yarjejeniya a kan laba 141. Daren damben, sikelin gidan talabijin ya nuna Gatti a 160, Gamache a 145. Gatti ya kashe shi a turmi na biyu da duka mai muni, Gamache ya samu rauni a ƙwaƙwalwa bai sake dambe ba, aka kuma yi shekaru ana shari'a a kan yadda aka gudanar da awon.

Amma kada wani ya ɗauka girma shi ne komai. A Disambar 2008 Oscar De La Hoya ya sauko laba 147 don ya kara da Manny Pacquiao na Filifin, wanda kowa ke gani ƙarami ne a gabansa. De La Hoya ya matse kansa har ya wuce gona da iri, ya auna 145, jikin kuma ya ƙi karɓar abin da aka mayar masa: laba biyu kacal ya ƙara. Pacquiao ya shiga fili ya fi shi nauyi, ya yi ta dukansa har De La Hoya ya ajiye bayan turmi takwas. Shi kansa Pacquiao ya san ɗacin abin, don a 1999 a Tailan ya rasa kambunsa a kan sikeli, ya shiga fili a galabaice aka kwantar da shi a turmi na uku. Daga baya ya zaɓi ya riƙa dambe kusa da nauyinsa na gaskiya. A 2010 Antonio Margarito ya shigo da laba 165, shi yana 148, amma Pacquiao ya lallasa shi turmi goma sha biyu. Bernard Hopkins kuwa, wanda ya kare kambun laba 160 sau ashirin yana kuma riƙe da kambun duniya yana ɗan shekara 49, sirrinsa shi ne bai taɓa barin jikinsa ya yi nisa da sikeli ba, ko da dambe ko babu. Irin waɗannan su ne malaman sana'ar.

Awon jajibiri da kansa don kare rai aka kawo shi. A da, da safiyar ranar dambe ake awo, mutane na shiga fili a bushe. A Nuwambar 1982 Duk-koo Kim na Koriya ta Kudu, wanda ya sha wuya kafin ya kai laba 135, ya faɗi a turmi na goma sha huɗu a hannun Ray Mancini a Las Vegas, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Aka rage turmin damben kambu daga 15 zuwa 12, kuma a shekarun da suka biyo baya hukumomi suka mayar da awo kwana ɗaya kafin wasa. Lokacin da aka bayar don a sha ruwa, shi ne ya ba mutane ƙarfin halin ƙara matse kansu. Yanzu ana ta toshe kafar: hukumar IBF tana sake awo da safiyar wasa, ba a yarda ka haura laba goma ba. Wasu kuma a takardar yarjejeniya suke sa sharaɗin, kamar yadda aka yi wa Chris Eubank ƙarami a karawarsa da Conor Benn a Landan a Afrilun 2025, inda tun a awon jajibiri ya haura iyaka da abin da bai kai giram 25 ba aka ci shi tarar fam 375,000. Magungunan sa fitsari haramun ne a dokar wasanni ta duniya, haka ma ƙarin ruwa ta jijiya fiye da ɗan ƙaramin adadi. A Disambar 2015 wani matashi ɗan Sin, Yang Jian Bing, ya rasu yana ɗan shekara 21 a wurin rage nauyi, kamfanin ONE Championship da yake wa wasa ya hana rage nauyi ta hanyar busar da jiki, ya kawo gwajin fitsari tare da awo.

Wannan ne ya dawo da ni kan yaranmu. Matashin da ke dashen shinkafa ko ɗaukar kwandon tumatir a gonakin da ruwan Tiga ke shayarwa, daga Kadawa zuwa Kura da Bunkure, yawanci ba shi da kitsen da zai rage. Aikin ya riga ya sassaƙe shi. A watan Afrilu, da zafi ke kai maki 40, gumin da ɗan boksin ke biyan kuɗi ya nema a ɗakin turiri shi kyauta yake zubar da shi kafin azahar. Irin wannan jiki in an ce ya sauke kilo biyar a kwana biyu, daga ƙodarsa za a cire. Ga shi kuma hannun dambe zare ne mai tauri ba safar da aka cusa wa soso ba, kan da ya bushe kuwa ba ya jure duka. In kuma ranar wasa ake awo, kamar yadda ake yi wa 'yan boksin masu son kai ƙasa gasar Olamfik, to babu ma lokacin mayar da ruwan, dabarar gaba ɗaya ba ta da amfani.

Saboda haka ina kira ga iyayen gidan 'yan dambe, na Kudu da Arewa da Guramada da Jamus: ku sayi sikeli ku ajiye a gida, ku riƙa auna yaranku duk mako, ku sa kowa a ajin da ke kusa da nauyinsa na kullum. Masu shirya gasa kuma su sanar da ranar awo da sa'arsa tun da wuri, su ajiye ma'aikacin lafiya kusa da sikelin, su ba shi ikon hana duk yaron da ya zo a bushe shiga fili.