Kafin ka zaɓi makarantar koyon katun

A 'yan shekarun nan, in ka zauna da yaran da suka gama sakandare a Gombe, daga Pantami har Jekadafari, za ka ji wata sana'a ta shigo cikin burinsu wadda a da ba a ko ambatonta: yin katun da haɗa wasannin waya da na kwamfuta. Sun ga Iwájú, wanda Disney da kamfanin Kugali suka fitar a 2024 kan birnin Legas. Sun ji shirin 3MTT na gwamnatin tarayya ya sa katun da haɗa gem cikin fannoninsa. Wannan buri yana faranta min rai ƙwarai. Inda hankalina ke tashi shi ne wajen zaɓen wurin koyo.

Yawanci yaro Kimiyyar Kwamfuta yake cikewa a JAMB, don a ganinsa katun aikin na'ura ne. Wani kuma iyayensa su biya kuɗi a wurin da aka kafa allo ana alkawarin mayar da shi gwani cikin wata uku. A ganina an fara daga ƙarshe. Manhaja ita ce abu mafi arha a wannan sana'a: Blender kyauta ce, Godot ta haɗa gem ma kyauta ce, darussansu sun cika YouTube. Ido da hannu ne ba a saukewa daga intanet.

Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, masu katun kuma sukan zana 12 su nuna kowanne sau biyu. A cikin waɗannan zane-zanen ake gane ko mai aikin ya taɓa tsayawa a Tudun Hatsi ya kalli yadda ɗan dako ke lanƙwasa gwiwa kafin buhu ya hau kansa, da yadda wuyansa ke ƙagewa, da yadda takunsa ke gajarcewa. A nan ake gane ko ya san yadda babbar riga ke biyo mai ita in ya juya, ta ɗan makara kafin ta tsaya. Wannan sai da malami a kanka, yana dawo maka da takarda yana cewa sake, shekara da shekaru.

Shi ya sa nake nuna wa yaranmu Zariya. Koyar da zane a can ta girmi ita kanta Jami'ar Ahmadu Bello. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suka dage cewa za su karɓi dabarar Turawa amma su zana abin gida. Wannan ita ce buƙatar duk mai son ya ga Gizo da Ƙoƙi suna motsi, ko ya mayar da dara wasan waya. Jami'ar na da sashen zane-zane da na fasalta kayan masana'antu, kuma ko kalmar katun ba ta fito a takardar shaidarka ba, masu ɗaukar aiki abin da ka zana suke dubawa. Kowace makaranta ce, je ka ga aikin 'yan ajin ƙarshe, ka tambaya awa nawa ake yi a ɗakin zane a mako.

Wanda ransa ke kan rubuta umarnin da ke tafiyar da gem, wannan ya karanci kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere, ya nemi abokin aiki mai zane.

Akwai kuma maganar da ake yawan kauce wa: hukuncin zanen mai rai. Iyaye da yawa a garin nan za su tambaya, kuma suna da haƙƙi. A je wurin malamin da aka amince da shi tun kafin a sayi fom, kada yaro ya kai aji biyu sannan a ce ya dawo gida. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, sana'ar na da sauran ƙofofi: zana gine-gine da filaye, haske, launi, tsara matakan wasa.

Kuɗin kwas ɗin wata ukun nan kuwa, da ni ne uban, tara su zan yi in ƙara, in saya wa yaron kwamfuta mai ƙarfi, da allon zane na lantarki, da ɗan batirin sola da zai riƙe su in an ɗauke wuta.