Alamar Dakatawa a Waƙa: Abin da Na'ura Ta Ɗauka da Abin da Ta Bari

A rubutun waƙa irin na Turai kowace alama da awonta. Wannan sauti bugu ɗaya ne, wancan biyu, wancan kuwa rabi. Akwai guda ɗaya wadda ba ta da mudu. Siffarta kamar gira ce da ƙwayar ido a ƙarƙashinta, ana kuwa ɗora ta bisa sauti ko bisa wurin da za a yi shiru. Sunanta farmata, daga kalmar mutanen Italiya mai ma'anar tsayawa. Umurninta shi ne: a riƙe nan, sai mai bi da waƙa ya saki hannu.

A shekara ta 2001 ƙungiyar Unicode, wadda ke ba kowane harafi lamba domin kwamfutocin duniya su gane shi, ta shigar da alamomin waƙa cikin tsarinta na 3.1. Farmata ta sami lamba biyu: 1D110 ga wadda ake sawa a bisa, 1D111 ga ta ƙasa. Aikin ya isa yabo, gama ta wannan hanya ce ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suke tafiya a intanet ba su ɓata ba. Yanzu malamin waƙa yana iya sa alamar cikin wasiƙa ba sai ya zana da hannu ba, ko da yake wayar da ba ta da siffar alamar takan nuna ɗan akwati wofi.

Amma fa kama da wane ba wane ba ne. Siffa kaɗai aka ba lamba. Tsarin MIDI, wanda ya fito a 1983 domin kayan kiɗa su yi magana da na'ura, ya san lokacin da sauti ya soma da lokacin da ya ƙare, amma ba shi da umurnin farmata. Saboda haka in ana so kwamfuta ta buga waƙa, dole a ba ta lissafi: a riɓa tsawon sautin, ko a rage saurin bugu. Ko sau ɗari ta buga, haka za ta maimaita. Mawaƙin da ya koya daga gare ta sai ya ɗauka doka ke nan.

Tarihin alamar bai goyi bayan wannan ba. Yohan Sebastiyan Bak, wanda ya bi da mawaƙan majami'a a Laifzig ta Jamus daga 1723 har mutuwarsa a 1750, yakan sa farmata a ƙarshen kowane ɗango na waƙoƙinsa masu murya huɗu. Masana da yawa suna ganin wurin numfashi take nunawa. In aka riɓa kowace ɗaya, waƙar sai ta yi ta jan ƙafa, maganar ciki ta watse. A kiɗan Betoben na biyar kuwa, wanda aka fara bugawa a Biyana a 1808, sauti na huɗu yana ɗauke da farmata, a nan kuma riƙewa ake nufi da gaske. Har wa yau masu bi da makaɗa sun sha bamban kan tsawonsa. Alama ɗaya, aiki biyu. Lamba 1D110 ba ta san bambancin ba.

To, mene ne ke yanke tsawon dakatawa? Nauyin maganar da aka rera, da amsa-kuwwar ɗakin, da numfashin dattijuwar da ke layin baya. Ɗakin kwano da ɗakin ƙasa ba su riƙe murya daidai. Waƙar biki da ta jana'iza ba su dakata daidai.

Ya kamata ƙungiyar mawaƙa ta yi amfani da kwamfuta wajen rubutu da adana waƙa, har da koyon muryoyi. Amma in an iso ga girar nan mai ido, sai a ɗauke kai daga takarda, a dubi hannun mai bi da waƙa. Dalilin da aka ƙirƙiro ta ke nan.