Ina 'yan amshi a zanen matasanmu?

Matasanmu masu zane sun ƙware, babu ja. Ka buɗe Facebook ka ga yaro daga Ƙauran Namoda ko Shinkafi ya zana gwamna ko tauraron Kannywood da biro, har gashin gira, sai ka rantse hoto ne. Amma kusan kullum fuska ɗaya ce, ta mai kuɗi ko mai mulki, an kwafo ta daga waya, ana jiran tukuici. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ƙasarmu ta kiɗan taro ce.

Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, bai yi suna shi kaɗai ba. Da masu kotso da 'yan amshi waƙarsa ta tsaya. Haka kiɗan gayya a gona, haka shantun mata a gidan biki. Har a majami'un karkara abin haka yake. Duk wanda ya ga Zumuntar Mata suna rera waƙa da Hausa, da zane iri ɗaya, wata na bugun bakin tulu, wata na kaɗa caki, jagora ta bayar sauran su karɓa, ya san babu fuska ɗayar da za a ware a ce ita ce waƙar. Wannan nake so in gani a takarda.

Fentin ruwa ya fi dacewa da aikin. Biro yana son abin da ya tsaya cak, shi kuwa fentin ruwa yana malala, kalar wannan zane ta shiga ta wancan, hannu mai motsi ya fito da motsinsa. Ga araha: buroshi, takarda mai kauri, kofin ruwa. Wahalarsa ɗaya a wajenmu, iskar hunturu tana busar da shi nan take, dole mai zane ya yi sauri, ya dogara da idonsa.

A 1958 ɗaliban zane na Zariya irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka ƙi kwaikwayon Turawa, suka koma zana rayuwar mutanensu. Namu matasan sun fi su dalili. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a Zurmi da Shinkafi, gayya ta yi wuya, biki a gaggauce ake yinsa kafin magariba. Gwamna yana da masu ɗaukar hotonsa. Waɗannan tarukan kuwa, in 'ya'yan wurin ba su zana su ba, ban ga mai zana su ba.