Labarin Gari a Tambayi Bango

Matafiyin da ya hau mota daga Kano zuwa Katsina, ko Daura, ko Zariya, ba ya shiga garuruwan da yake ratsawa. Bichi, Tsanyawa, Kankiya, Dambatta, Kazaure, Kura, Kwanar Dangora: abin da yake gani a kowannensu bai wuce bangon da ke fuskantar titi ba, shi ma na ɗan lokaci kafin direba ya sake taka mota. Da wannan bangon yake yi wa gari hukunci. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, bangon bakin hanya kuwa shi ne fuskar gari. Saboda haka ya cancanci mu dube shi da idon nazari kamar yadda muke yi wa littafi ko fim, mu tambaya wa ya yi zanen, da wa yake magana, kuma ya iya ko bai iya ba.

Zanen bango ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Magini yakan fitar da zane a fuskar zaure da hannunsa tun yaɓe yana ɗanye, a kuma shafe bangon da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don kada damina ta cinye shi. Dagi, takobi, allo da sauran siffofi suna zagaye ƙofa, kamar yadda har yanzu ake gani a fadar Zazzau da tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram. Abin lura shi ne wannan zane bai taɓa tsayawa cik ba. A tsakiyar ƙarni na 20 gidajen 'yan kasuwa a Zariya sun fito da keke da agogo da mota da jirgin sama a jikin bango, har Anthony Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kansu a 1963. Maginin da ya sa keke kusa da dagi bai ci amanar gado ba. Mai gida ne ke gaya wa mai wucewa ko shi wane ne, da abin da zamaninsa ya kawo masa.

Zanen fenti da buroshi kuwa ta wata ƙofar ya shigo, kuma mu mutanen Fagge mun fi kowa kusa da ita. Tun asali Fagge zangon ayari ce a wajen ganuwa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari bayansa kaɗan, wajen 1913, mutanen kudu da na ƙasashen waje suka buɗe kantuna. A cikin birni kowa ya san gidan wanzami da rumfar maɗinki, ba a bukatar alama. A unguwar baƙi kuwa shagon da ba shi da alama ɓatacce ne. Nan mai zane ya samu kasuwa: allon kanti, ƙofar shago, da bayan manyan motoci masu bodin katako, inda zaki da mikiya da ɗawisu da masallaci suke yawo daga tasha zuwa tasha. Garuruwan bakin hanya halinsu ɗaya da Sabon Gari ta wannan fuskar, domin rabin cinikinsu da mutanen da ba su san su ba suke yi.

Idan muka ƙidaya abin da ke jikin bangayen nan a yau, kusan kashi huɗu ne. Na farko bangon kamfani: an shafe gida guda da ruwan ɗorawa ko kore ko ja, an rubuta sunan layin waya ko sinadarin miya. Aikin yana da tsabta, haruffan a miƙe suke, amma wanda ke Bichi shi ne ke Kura, ba bambancin ko ɗigo. Mai gidan ya samu fenti kyauta, ya ba da bakinsa haya. Na biyu bangon siyasa, wanda ke cika gabanin zaɓe ya koɗe bayansa, wani lokaci har ana hango sunan ɗan takarar da ya faɗi a ƙarƙashin na wanda ya gaje shi. Na uku bangon makaranta da asibiti: taswirar Nijeriya, hanjin ɗan Adam, uwa da jariri a gidan sauro. Niyyar mai kyau ce, amma yawanci daga littafin karatu ko takardar wata hukuma aka kwafo, shi ya sa yaran da ke jikin bangon ba sa kama da yaran da ke wasa a gindinsa.

Na huɗu shi ne bangon mai ƙaramar sana'a, kuma a ganinmu nan ne fasahar take da rai. Mai aski da kawuna huɗu ko biyar a jere, kowanne ya juya gefe don a ga layin askin. Mai faci da taya guda baƙa wuluk. Mai kemis da sirinji da ƙwayar magani da ta kai girman kankana. Mai shayi da kofi yana tururi kusa da burodi da ƙwai. Masu raina wannan aiki sukan ce girman kayan bai daidaita ba, kaza ta fi tukunya girma, hannun mutum ya fi fuskarsa. Sun manta da mai kallo. An yi zanen ne don wanda ke cikin mota tana gudu, da wanda bai yi boko ba, da baƙon da bai ji Hausa ba. Dole layi ya yi kauri, launi ya zama uku ko huɗu, abin sayarwa ya cika ido. Mai zanen da ya kumbura ƙwayar magani ya san aikinsa fiye da wanda zai zana ta daidai girmanta. Ya kuma san bangonsa: yakan kauce wa taga, ya sa butar shayi ta zuba daidai saman ƙofa, ya ɓoye tsagewar siminti a cikin inuwa. A can ƙasa, a kusurwa, sai ya sa laƙabinsa da lambar waya. Wannan sa hannu ne, ko da ba a kira shi haka ba.

Akwai kuma hikimar da addini ya haifar. Da yawa daga masu shago ba sa son hoton abu mai rai a bangonsu, saboda abin da suka ji daga malamai game da sura. Sai mai zane ya nemi hanya: maɗinki ya samu babbar riga a buɗe da aikin aska a ƙirji ba tare da mai sanye da ita ba, mai ɗinkin hula ya samu huluna a jere ba kai. Sau da yawa waɗannan sun fi masu fuska kyau, domin ido yana tafiya kai tsaye ga aikin. Tsohon magini ma haka ya yi: keke ya zana, ba mahayinsa ba.

Wannan yabo ba ya rufe aibi. Masu zane da yawa sun daina kallon garinsu, waya suke kallo. Askin da ke bangon ƙauye na wani mawaƙin Amurka ne, abincin da ke bangon mai tuwo kuwa ba wanda ya taɓa cin irinsa a shagon. Dagin Arewa, wanda ya zama tambarin Jihar Arewa a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, ya koma abin cike gurbi: duk inda aka rasa abin zanawa sai a manna shi, kamar shi kaɗai magina suka bar mana. Sannan ga rubutu. Salon haruffan kwamfuta da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa masu buga takardu suke zubar da lanƙwasar. Buroshi ba shi da wannan matsala, amma mai zane ya kwaikwayi kwamfuta har da gurguntakarta, sai ka ga masaukin baƙi ya koma masaukin baki.

Babbar barazanar ita ce bana. A shagunan buga takardu na Fagge da Sabon Gari, cikin sa'a guda za a sauko da hoto daga intanet, a jera shi a kwamfuta, a buga a kan leda, a naɗe a kai tasha. Ya fi araha, ya fi sauri, kuma ba za mu zargi mai shagon da ke lissafin kowace naira ba. Amma bana ba ya sanin bangon da za a rataya shi, rana tana cinye launinsa, iska tana yaga shi, kuma soyayyiyar kazar da ke kansa ita ce dai a Tsanyawa da Wudil. Kowane bana da aka kafa, wani mai zane ya rasa aikin kwana biyu, yaronsa kuma ya rasa darasi.

Wasu ƙasashen sun riƙe nasu. A ƙauyukan kudancin Masar, idan mutum ya dawo daga aikin Hajji akan zana masa Ka'aba da jirgin da ya hau a bangon gidansa. A Tiebele ta Burkina Faso mata ne ke zana bangayen gidan sarauta, kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2024. A duka biyun masu bangon ne ke magana da bakinsu.

Ba kwangilar gwamnati muke nema ba, domin ita za ta ƙare ne a dagi da hoton mai girma. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da za ta yi wa makarantarta fenti tana iya kiran mai zanen garin ta ce ya zana kasuwarsu, ko rinin da aka san su da shi, ko shinkafar da suke nomawa. Mu kuma masu waya a hannu, idan mota ta tsaya shan mai, mu ɗauki hoton bangon da ya burge mu har da kusurwar da sunan mai zanen yake, mu rubuta gari da shekara. Duk inda aka faɗaɗa titi, bangon bakin hanya ne ke fara tafiya, kuma ba a biyan diyyar zane.