Burtali a cikin littafin doka: nazari kan dokar makiyaya ta 2010

Duk wanda ya buɗe kundin dokokin zamantakewa na Faransa na 1804, wanda Nijar ta gada daga mulkin mallaka, zai tarar da kalmar «servitude» a aya ta 637. Ma'anarta nauyi ne da ake ɗora wa wani fili domin amfanin filin wani mutum dabam, kamar hanyar da mai gonar da aka yi wa ƙawanya yake bi ta cikin gonar maƙwabcinsa. Tushen kalmar a Latinanci ɗaya ne da na kalmar bawa: wani fili yana bauta, wani yana cin moriya. Ke nan sai mai fili ne ke da haƙƙi a kan filin wani.

Wannan ma'auni bai dace da jihar Agadas ba. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma, ta bar arewa ga kiwo. Buzu ko Bafillacen da ke kora dabbobinsa zuwa Ingal da damina domin su sha gishiri ba shi da gonar da za a ce ita hanyar take yi wa hidima. Rayuwarsa ta rataya ne a kan rijiya da makiyaya da burtali.

A nan ne ƴan dokar Nijar suka cancanci yabo. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ba makiyayi fifiko a kan ruwa da ciyawar yankin da ya saba zama, ba tare da ikon korar baƙo ba. Doka mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara gaba: ta mayar da yawon kiwo haƙƙi na asali, ta sanya hanyoyin dabbobi cikin dukiyar al'umma da ba a sayarwa. Haƙƙi ya tashi daga kan fili ya koma kan mutum da garkensa.

Sai dai wannan hikima ba baƙuwa ba ce. Almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid a zauren malaminsa ya san hukuncin rijiyoyin dabbobi: masu rijiya su fara shayarwa, sa'an nan sauran jama'a su sha, kuma ba a hana rarar ruwa. Fifikon da aka rubuta a 1993 ke nan, tun ƙarni na 10.

Raunin dokar yana cikin harshenta. Rubutun da alƙali yake dogaro da shi na Faransanci ne, kuma a can burtali ya zama «couloir de passage». Kalmar «couloir» ta gini ce, tana nuna wuri kurum. Burtali kuwa yana ɗauke da alkawari: manomi ya ja shingensa, makiyayi ya tsare sandarsa, kowa ya san abin da ke wuyansa. Ranar da mai garka a bakin ƙoramar Telwa ya matsar da shinge ya toshe mashaya, makiyayin da bai taɓa jin dokar da harshensa ba zai ɗauka roƙo ya zo yi gaban kwamitin filaye, alhali haƙƙinsa ne ya zo karɓa. Daga irin wannan ne ƴar gardama take zama zubar da jini.

Tun da tsarin mulki na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, uzuri ya ƙare. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su zauna da dattawan makiyaya da masu garka, su fassara dokar da Hausa da Tamajak da Fulatanci, da kalmomin da mutane suke rantsuwa da su a bakin rijiya. Dokar da mai haƙƙi bai iya faɗinta da bakinsa ba, shinge ya fi ta ƙarfi.