Shirun Yaro Ba Shaidar Lafiyarsa Ba Ne: Sharhi Kan Tsarin Sa Yaro A Gaba

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu auna tsarin nan da ke cewa yaro shi ne cibiyar aikin ma'aikacin jin daɗin jama'a, watau a gan shi, a saurare shi, kafin a yanke shawara a kansa. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ya tabbatar wa yaro wannan haƙƙi. Farfesa Eileen Munro kuma, a rahotonta na 2011, ta nuna yadda cike takardu ya raba ma'aikatan Ingila da yaran da aka ɗauke su aiki dominsu.

Ba mu da ja da wannan manufa. Inda muke ganin rauninta shi ne zaton da ake yi cewa da zarar an tambayi yaro zai buɗe baki.

Mu ɗauki misalin Victoria Climbié, 'yar ƙasar Kodebuwa, wadda iyayenta suka ba wata 'yar'uwarsu riƙonta don ta sami ilmi. Ta rasu a Landan a shekarar 2000, tana da shekara 8, da raunuka 128 a jikinta. Binciken Laming na 2003 ya gano cewa an ga yarinyar tana ƙamewa a gaban mariƙiyarta, amma aka fassara wannan da ladabin da 'ya'yan baƙar fata ke yi wa manya. Alhali kuwa tsoro ne. A ranar da ta rasu aka rufe fayil ɗinta.

Wannan darasi ya shafe mu, domin riƙo al'adarmu ce, kuma muna horon yaro da kunya da sunkuyar da kai. Saboda haka ma'aikacin da zai yi aiki da Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya, ta 2003, bai isa ya ce ya saurari yaro ba don kawai ya tambaye shi a gaban mariƙinsa. Lalle ne ya keɓe da shi, ya yi masa magana da harshen da ya tashi da shi, ya kuma dawo ba sau ɗaya ba.

A ganinmu, tsarin ba zai cika sunansa ba sai an koya wa ma'aikaci rarrabe shirun kunya da shirun tsoro.